Yadda Kifin da Aka Raina Ya Zama Garba a Abijan

A kasuwar Abijan, babban birnin kasuwancin Kwaddibuwa, akwai abincin da ɗalibi da lebura da direban tasi suka yi tarayya a kansa: aceke, wato garin rogo da aka turara, da yankan soyayyen kifin tuna, da tumatir da albasa da attaruhu. Sunansa garba, kuma mutanen garin suna danganta sana'ar da Hausawan Nijar da suka daɗe suna riƙe da rumfunanta. Mutumin Bacirawa ta Kano da bai taɓa ganin teku ba zai yi mamakin yadda 'yan uwansa na tudu suka zama dillalan kifin da ake kamowa a tsakiyar Atlantika. Hujjata a nan ita ce wannan sana'a ba gefen labarin kamun tuna take ba. Ita ce ta tona giɓin da ke cikin lissafin masana, kuma duk dokar kare kifin da ba ta sa ta a lissafi ba, a kan lambobi marasa cika aka gina ta.

Abin ya faro ne daga tashar jiragen ruwa. A 1950 aka buɗe mashigar Vridi, wadda ta haɗa tafkin Abijan da teku, manyan jirage suka sami wurin tsayawa. A tsakiyar shekarun 1950 masuntan Faransa da Sifaniya suka fara gangarowa gaɓar Afirka ta Yamma neman tuna, da farko da ƙugiya a wajen Dakar, daga baya a shekarun 1960 da ƙaton taru wanda ake zagaye garken kifi da shi a tsuke bakinsa ta ƙasa. Masana'antun cika gwangwani suka tashi a Dakar da Abijan da Tema ta Gana. Ganin kifin ba ya bin iyakar kowa, ƙasashe suka sa hannu a kan yarjejeniya a Riyo ta Barazil a 1966, wadda ta haifi hukumar ICCAT mai hedikwata a Madrid, ta fara aiki a 1969. Kwaddibuwa da Gana da Najeriya duk mambobinta ne.

Abin da masana suka gano game da halittar kifin shi ne tushen rigimar da ta biyo baya. Tuna ba ya tsayawa; sai yana ninƙaya ruwa ke ratsa bakinsa ya sami numfashi, kuma jikinsa yana riƙe ɗumi fiye da ruwan da ke kewaye da shi, abin da ba a saba gani ga kifi ba. Iri uku ne suka fi yawa a Mashigin Tekun Gini. Akwai ƙarami mai zane a ciki, wanda ke balaga da wuri, ya hayayyafa da yawa, ya jure kamu. Akwai mai rawayan fiffike, wanda wannan mashigi na daga manyan wuraren da yake zuba ƙwai. Sai mai babban ido, wanda kan kai wajen shekara uku kafin ya fara haihuwa. Matsalar ita ce 'ya'yan na biyun da na ukun suna cuɗanya da manyan na farkon, girmansu ɗaya, kuma dukansu suna da ɗabi'ar taruwa a ƙarƙashin duk abin da ke yawo a saman ruwa, ko da gungume ne. Taru ba ya tantancewa. Tun a shekarun 1970 hukumar ta hana sauke mai rawayan fiffike da bai kai kilo 3.2 ba, daga baya ta faɗaɗa dokar zuwa mai babban ido, amma dokar ba ta yi aiki ba, har aka soke ta a tsakiyar shekarun 2000.

Daga farkon shekarun 1990 jiragen suka daina jiran gungume ya zo da kansa. Suka riƙa ɗaure gora su yi gado, su rataya masa tsofaffin raga, su liƙa na'urar da ke faɗa musu inda yake, su sake shi a teku. Kamu ya ƙaru, amma tarkacen da masana'anta ba ta so ya ƙaru tare da shi: ƙanana, da waɗanda suka murƙushe, da waɗanda gishirin daskarewa ya ratsa, da wasu irin kifaye dabam. Aka kira shi faux poisson, wato kifin bogi. A da a teku ake zubar da mafi yawansa, ko a bar wa ma'aikatan jirgi su sayar su rage zafi. Sai ga shi lokacin ya zo daidai da matsin tattalin arziki a Kwaddibuwa, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, talakan birni yana neman abin da zai riƙe masa ciki da ɗan canji. Masu rumfar garba suka haɗa arhar kifin da arhar aceke, mawaƙan zuglu na matasa suka yayata shi, kasuwa ta buɗe. Manomin karkarar Kano ya san irin wannan juyi, domin sharar birni da jakuna suka riƙa kwasowa zuwa gonakin Ungogo ta daɗe da zama taki mai farashi.

A nan ne kimiyya ta yi tuntuɓe. Ana ƙiyasta yawan kifin da ya rage a teku ne daga littafin jirgi da takardun masana'anta, kifin bogi kuwa a lokacin ba ya shiga ko ɗaya. Ta bayan fage yake sauka, a kwashe shi a motoci. Sai da masu bincike na cibiyar nazarin teku ta Abijan, tare da takwarorinsu na cibiyar IRD ta Faransa, suka zauna a bakin tasha suna ƙirga motocin da ke fita suna auna abin da ke ciki, aka ga cewa a wasu shekarun ya haura tan 20,000, kuma kaso mai yawa daga ciki tuna ne na gaske, har da 'ya'yan irin da ake tsoron ƙarewarsa. Da an ci gaba da zubar da shi a tsakiyar teku, babu mai motar da za a tare a ƙirga. Cinikin garba ne ya jawo shi tudu inda ido zai gan shi.

Masu suka suna da magana mai nauyi: da zarar abin zubarwa ya sami mai saye, matuƙin jirgi ba shi da dalilin guje masa, don haka garba yana ƙarfafa kashe ƙananan kifi. Akwai gaskiya a ciki, kuma bai kamata a rufe ta don son 'yan uwa ba. Amma a duba wa ke riƙe da akalar. Jirgin da aka kashe miliyoyin Yuro wajen ƙera shi ba don kwanon aceke yake fita ba; gwangwanin da za a kai Turai ne ke biyan mansa. Kifin da ya shiga taru aka tsuke shi, ya riga ya mutu ko an ci ko an zubar. Hukumar da kanta ta bi wannan hankali a 2017 da ta hana jiragen taru zubar da waɗannan irin tuna a teku. Maganin kashe ƙanana yana wajen taƙaita gadajen gora, ba wajen korar mai suya ba.

Gadajen kuwa suna da nasu laifin da ya wuce kamu. Wata ƙungiyar Amurka mai suna Pew ta ƙiyasta cewa a 2013 kaɗai an saki tsakanin 81,000 da 121,000 a tekunan duniya. Da yawa ba a komawa a ɗauko su. Ragar roba da ke rataye tana shaƙe kunkuru da kifin shak, daga ƙarshe igiyar ruwa ta watso tarkacen a gaɓar wasu. Batun sinadarin makuri da ake yawan tsorata mutane da shi bai fi shafar garba ba, domin a jikin manya tsofaffin kifi ya fi taruwa. Haɗarin da ya fi kusa da mai ci shi ne man da aka maimaita suya da shi da kifin da ya daɗe ba ƙanƙara.

Wata sukar daga ɓangare na biyu take zuwa, cewa duk ranar da aka rufe kamu a kan gadaje, kifin bogi yana ƙaranci, farashi ya hau kan talaka da mai rumfa. Haka ne, kuma babu wanda ke biyan su diyya. Sai dai kwatanta asarar wata biyu da rushewar irin kifin gaba ɗaya ba ya buƙatar dogon lissafi. Masu jiragen Faransa da Sifaniya ne ma suka fara dakatar da kansu na wata uku a ƙarshen 1997. Bayan bincike ya nuna a 2015 da 2018 cewa an wuce gona da iri a kan mai babban ido, hukumar ta rufe kamu a kan gadaje a faɗin Atlantika na wata biyu a 2020 da wata uku a 2021. Da alamun farfaɗowa suka bayyana, taron da aka yi a Saifurus a 2024 ya rage rufewar zuwa kwana 45, ya kuma ƙara yawan abin da aka yarda a kama. Gwamnatoci da masu jirage da ƙungiyoyin kare muhalli ne suka yi ta ja-in-ja a zauren, a kan lambobin da wani ɓangarensu daga motocin masu garba aka tattaro.