Zaɓen da Ake Gamawa Kafin Ranar Zaɓe: Tarihin Fidda Gwanin Sanata a Tsallaken Iyakarmu

Mutumin Magarya ko na Dungas ba baƙo ba ne ga siyasar Najeriya. Wanda ke cin kasuwar Maigatari, da wanda ke ƙetarawa ta Babban Mutum zuwa Ɓaure da Daura, da wanda rediyonsa ke kama tashoshin Kano da Katsina, duk sun saba jin kalmomin "fidda gwani" da "daliget" da "sanata". Amma mu a nan Nijar ba mu taɓa jefa ƙuri'ar sanata ba, kuma jam'iyyunmu ba su saba tara magoya baya su fitar da ɗan takarar majalisa ta wannan hanya ba. Sai wani ya ce, to ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, tarihin kujerun sanata da ke jikin iyakarmu ya nuna cewa sau da yawa ana gama zaɓe tun kafin ranar zaɓe. Wanda ya rubuta sunan ɗan takara ya fi wanda ya dangwala yatsa ƙarfi. Wannan kuwa darasi ne da ya shafi kowane malami da ke koyar da tarbiyyar ɗan ƙasa, da kowane uba ko uwa da ke da ɗa mai jiran shekara 18.

Inda abin ya samo asali

Zaɓen fidda gwani ɗan Amurka ne. Har zuwa farkon ƙarni na 20, majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatocin ƙasar, manyan jam'iyya kuma su ke tsayar da ƴan takara a tsakaninsu. Da ƙorafi ya yi yawa kan sayen kujeru, jihar Wisconsin ta kafa dokar da ta ba talakawan jam'iyya ikon fitar da ɗan takara da kansu, jama'a suka amince da ita a 1904. A 1913 aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka gyara na 17, wanda ya mayar da zaɓen sanata hannun jama'a kai tsaye.

Najeriya ta yi Majalisar Dattawa tun Jamhuriya ta Farko, amma ba jama'a ke zaɓen ƴan cikinta ba. Sai a 1979, da ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, aka fara zaɓen sanatoci da ƙuri'a, biyar daga kowace jiha. Daga 1999 zuwa yau uku ne daga kowace jiha cikin 36, da ɗaya na Abuja, jimla 109. Dokar zaɓe ta 2022 ta amince da hanyoyi uku na fitar da ɗan takara: ƴar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya ke zaɓe, hanyar daliget, inda wakilai ƙalilan ke zaɓe a madadin sauran, da maslaha, inda masu neman takara ke janye wa mutum ɗaya a rubuce.

Akwai wani abu da ya kamata a riƙe kafin a ci gaba. Takardar ƙuri'ar Najeriya ba ta ɗauke da sunan mutum ko hotonsa, alamar jam'iyya kawai ke kanta. Saboda haka idan jam'iyya ta rabu biyu kan wane ne ɗan takararta, mai jefa ƙuri'a na iya zaɓar alama ba tare da ya san wa ya zaɓa ba.

Daura, 2011: kujera ɗaya, sanata biyu

Mazaɓar Katsina ta Arewa, wadda aka fi sani da shiyyar Daura, ta ƙunshi ƙananan hukumomi 12, ciki har da Ɓaure da Zango da Mai'aduwa, maƙwabtanmu na jini da aure. A 2011 jam'iyyar CPC ta Muhammadu Buhari, mai alamar alƙalami, ita ce ke tashe a can. Kowa ya san duk wanda ya samu tikitinta ya kama hanyar Abuja, don haka faɗan bai tsaya jiran PDP ba, a cikin gida ya tashi.

Jam'iyyar ta dare gida biyu a Katsina: ɓangaren Aminu Bello Masari, tsohon kakakin Majalisar Wakilai, da ɓangaren Sanata Yakubu Lado Ɗanmarke, kowanne na neman takarar gwamna, kowanne da jerin ƴan takararsa na majalisu. Aka yi fidda gwani ranar 13 ga Janairu 2011, uwar jam'iyya ta ƙasa ta ce shi ta sani. Aka sake yin wani ranar 15 ga wata, ɓangaren Lado ya ce shi ne na gaskiya. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba ɓangaren Lado gaskiya kafin zaɓe. Da aka kaɗa ƙuri'ar majalisun tarayya a watan Afrilu, alƙalami ya yi nasara, aka ba Abdu Umar Ƴandoma takardar shaidar cin zaɓe a shiyyar Daura, Ahmad Sani Stores kuma a Katsina ta Tsakiya, aka rantsar da su.

Shari'a kuwa ba ta tsaya ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin farko, magana ta kai Kotun Ƙoli. Ranar 16 ga Disamba 2011 Kotun Ƙoli ta ce tun asali kotuna ba su da hurumin raba gardama tsakanin fidda gwani biyu na jam'iyya ɗaya, ta rushe duk abin da kotunan ƙasa suka yi. Hukumar zaɓe ta INEC ta fahimci cewa an koma ga sunayen da uwar jam'iyya ta amince da su, sai ta janye takardun sanatocin biyu da ƴan Majalisar Wakilai takwas, ta ba wasu. Hadi Sirika ya karɓi kujerar shiyyar Daura, Abubakar Sadiq Ƴar'aduwa ya karɓi ta Katsina ta Tsakiya. Waɗanda aka sauke suka koma kotu, aka ci gaba da ja-in-ja har 2014, alhali wa'adin majalisar gaba ɗaya shekara huɗu ne.

A duba lamarin da idon manomin Ɓaure. Sau ɗaya ya bi layi, sau ɗaya ya dangwala, amma ƙuri'arsa ta haifi sanata biyu a jere, kuma babu wanda ya dawo ya tambaye shi wanne yake nufi. Jam'iyyar ma ba ta tsira ba: da ta je zaɓen gwamna a rarrabe, Ibrahim Shema na PDP ya koma kujerarsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zamfara da Machina

Shekara takwas bayan haka abin ya fi muni a Zamfara. Rikicin gwamna Abdul'aziz Yari da ɓangaren Sanata Kabiru Marafa ya hana APC yin fidda gwanin da doka ta yarda da shi. Jam'iyyar ta shiga zaɓen 2019 da umarnin kotu, ta kuma lashe. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta ce tunda babu sahihin fidda gwani, babu ƴan takara, ƙuri'un da aka jefa wa APC duk sun tafi a banza. Kujerun sanata uku da ta gwamna suka koma hannun PDP wadda ta zo ta biyu.

Misali na uku ya fi kusa da mutanen gabashin Dungas, domin garin Machina na jihar Yobe ba shi da nisa da ƙasar Malawa. Ranar 28 ga Mayu 2022 APC ta yi fidda gwanin sanatan Yobe ta Arewa, Bashir Sheriff Machina ya tsaya shi kaɗai, ya samu ƙuri'ar daliget 289. Mai riƙe da kujerar, Ahmad Lawan, shugaban Majalisar Dattawa a lokacin, bai shiga ba, domin yana neman takarar shugaban ƙasa. Da Bola Tinubu ya kayar da shi a watan Yuni, sai jam'iyya ta ce ta soke zaɓen farko ta yi wani ranar 9 ga Yuni, ta miƙa sunan Lawan. Machina ya ƙi janyewa. Babbar Kotun Tarayya a Damaturu ta ba shi gaskiya a watan Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a Nuwamba. Ranar 6 ga Fabrairu 2023 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta ba jam'iyya nasara. Dalilinta shi ne hanyar da Machina ya bi ya shigar da ƙara ba ta dace ba: ya yi zargin maguɗi, irin wannan zargi kuwa sai an kira shaidu, ba a yanke shi da takardun rantsuwa kawai. Lawan ya tsaya, ya ci zaɓen 25 ga Fabrairu.

A Daura an yi fidda gwani biyu, a Zamfara ba a yi ko ɗaya na kirki ba, a Machina an yi ɗaya aka ajiye shi gefe. Duka ukun, alƙalai ne suka yanke maganar ƙarshe.

Mu fa a gida?

Kada mu yi wa maƙwabci dariya. A zamanin mulkin mallaka Nijar ta tura sanatoci majalisar Faransa a Paris, irin su Issoufou Saidou Djermakoye a 1958, amma ƴan majalisar yanki ne ke zaɓensu. Bayan ƴancin kai, Majalisar Dattawan da aka fi tunawa ita ce ta kundin tazarce. Shugaba Tandja Mamadou ya rusa majalisar dokoki a watan Mayu 2009, ya rusa kotun tsarin mulki a Yuni, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta. Sabon kundin ya tanadi Majalisar Dattawa wadda kashi biyu cikin uku za a zaɓe su ta hannun zaɓaɓɓun wakilai, kashi ɗaya kuma shugaban ƙasa ya naɗa. Ba ta taɓa zama ba, domin Salou Djibo ya kifar da gwamnatin ranar 18 ga Fabrairu 2010, kundin Nuwamba 2010 kuma ya mayar da mu majalisa ɗaya.

A zaɓen depite, in ban da ƴan mazaɓu na musamman, jerin sunayen jam'iyya na jiha baki ɗaya muke zaɓa kafin juyin mulkin 2023. A lokacin, mutumin Wacha ko Dogo-Dogo yana dangwala wa jam'iyya a jihar Damagaram, su kuwa sunayen, shugabannin jam'iyya suka tsara su. Wato ɗauki-ɗoran da ake kai wa kotu a Najeriya, a wurinmu ba ya ma buƙatar ɓoyewa. Inda kuma aka yi takara a cikin gida, sau da yawa rabuwa ke biyo baya. A 1991 Tandja ya kayar da Moumouni Adamou Djermakoye a shugabancin MNSD-Nassara, wanda aka kayar ya fita ya kafa ANDP-Zaman Lahiya. CDS-Rahama, wadda ta kai Mahamane Ousmane fadar shugaban ƙasa a 1993 da ƙarfin ƙuri'un jiharmu, ta faɗa rikici tsakaninsa da Abdou Labo, kotu ta shiga, har Ousmane ya yi takarar 2016 a inuwar MNRD-Hankuri, ta 2020 kuma a RDR-Tchanji. Magoya bayansa na ƙauyukanmu sun koyi sabuwar alama sau biyu cikin shekara biyar.

Abin da ke hannunmu

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da harkokin jam'iyyu, a watan Maris 2025 kuma aka rusa su. Ko wane tsari aka zo da shi gaba, tambayar nan za ta dawo: wa ke fitar da wanda za a zaɓa, ta wace hanya, a gaban wa? Tarihin maƙwabtanmu ya nuna rubuta fidda gwani a doka bai isa ba. Ana buƙatar abu uku: a san masu zaɓe tun kafin ranar, a ƙidaya a bainar jama'a, sannan wanda ya faɗi ya yarda ya faɗi ko da shi ne babba.

Waɗannan abubuwa uku ba sai an je Yamai ake koyonsu ba, a farfajiyar lakwal ake fara su. Shirin "Makaranta don Kowa" da aka fara a jihar Tawa a 2004 da tallafin ƙasar Japan, ya zo Damagaram, daga baya ya game ƙasa, ginshiƙinsa na farko shi ne a zaɓi wakilan iyaye a kwamitin COGES da ƙuri'ar asiri. An yi haka ne saboda a taron ɗaga hannu ba mai iya ƙin ɗan gidan maigari ido da ido. A makarantun da aka riƙe wannan ƙa'ida, iyaye kan ba da karo-karo da zakka na gina rumfunan zana da rai ɗaya, domin sun san wanda ke riƙe da kuɗin su suka sa shi. Inda kuma darakta da mutum biyu suka rubuta sunaye da dare suka karanto da safe, an yi wa yara darasin Machina a aikace, ko da allo na cewa dimokuraɗiyya.

Don haka, ƴan'uwana malamai, idan za a zaɓi shugaban aji, a bar yara su tsayar da nasu, a ƙidaya a gabansu, kada mu sauya sakamako don wanda ya ci ba ɗan gaban goshinmu ba ne. Ku kuma iyaye, maza da mata, idan aka kira taron sabunta kwamiti ku zo, ku tambayi wa ya kawo sunayen. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga an mutunta ƙuri'arsa yana ɗan shekara goma, da wuya ya yarda a rubuta masa wakili a ɗaki in ya kai talatin.