Abin da ya kamata mai ziyarar tsohon birnin Santambul ya sani

Akasarin shahararrun gine-ginen tarihi na Santambul, birni mafi girma a Turkiyya, suna unguwar Sultanahmet ne, kuma da ƙafa ake zagaya su. Sai dai kowanne da ranarsa da ƙa'idarsa. Baƙon da bai kula ba kan tarar da ƙofa a rufe.

Ginin Aya Sofiya ne ya fi jan jama'a. An kammala shi a matsayin coci a shekarar 537, zamanin Sarki Justiniyan. Sultan Muhammad Alfatih ya mayar da shi masallaci bayan ya ci birnin da yaƙi a 1453, gwamnatin Ataturk ta mai da shi gidan tarihi a 1934, sannan aka dawo da salla a cikinsa a 2020. A Janairun 2024 aka sanya wa baƙi 'yan yawon buɗe ido kuɗin shiga yuro 25, kuma benen sama kaɗai suke hawa, ƙasan kuwa na masallata ne.

Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda ke fuskantarsa, kyauta ake shiga, amma ana dakatar da masu kallo a lokutan salla.

Fadar Topkapi, inda aka adana mayafin da ake dangantawa ga Manzon Allah (SAW), ba ta buɗewa ranar Talata. Babbar rufaffiyar kasuwar birnin kuma ba ta ci ranar Lahadi.