Yadda Aka Gano Ƙwayoyin da Ido Ba Ya Gani

Ƙanƙara da ruwa da tururi abu guda ne. Abin da ya raba su shi ne zaman ƙwayoyin cikinsu: a ƙanƙara suna jere a matse, kowace tana kakkarwa a gurbinta, a ruwa suna zamewa a kan juna, a tururi kuwa sun watse, kowace ta kama gabanta. Ɗan sakandare yakan haddace wannan cikin darasi ɗaya, amma masana sun shafe fiye da shekara 2,000 suna gardama a kansa.

Tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Dimokiritus, mutumin Abdera a ƙasar Girka, ya ce idan aka yi ta gutsura abu za a kai ga ƙwayar da ba ta gutsuruwa. Aristotal ya ƙi, ya tsaya a kan cewa komai daga ƙasa da ruwa da iska da wuta yake, kuma maganarsa ce ta yi rinjaye. Malaman tauhidi irin su Baƙillani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1013, sun riƙe aƙidar jauhari, wato ƙwayar da ba ta rabuwa. Sai dai duk hujjojin na hankali ne, babu mai awo a hannu.

Awo ya shigo a 1662, lokacin da Robert Boyle ya nuna cewa idan aka matse iska ta koma rabin wurinta, ƙarfin turinta yakan ninka. A 1738 Daniel Bernoulli ya bayyana dalili: ƙwayoyi ne ke dukan bangon mazubin ba ƙaƙƙautawa. John Dalton, malamin makaranta a Manchester, ya ƙara a 1808 cewa kowane sinadari yana da ƙwayar zarra mai nauyinta daban.

A ganina, mafi ban sha'awa shi ne abin da ya faru a 1827. Robert Brown, masanin tsirrai ɗan Sikotland, ya duba 'yan ɓarɓashin da ke fitowa daga garin fure a cikin ruwa ta madubin ƙara girma, sai ya ga suna ta tsalle-tsalle ba hutu. Don ya tabbatar ko rai ne ke motsa su, ya gwada garin gilashi da na duwatsu, har da ɓallin gunkin Sphinx na Masar. Duk suka motsa. Ya rubuta abin da ya gani da gaskiya, bai ƙaƙalo dalilin da ba shi da hujjarsa ba.

Sai a 1905 Albert Einstein ya kawo lissafin da ya nuna cewa ƙwayoyin ruwa ne ke bangazar ɓarɓashin ta ko'ina, kamar ƙwallo a tsakiyar yara, har ya faɗi nisan da ya kamata ya yi cikin wani lokaci. A zamanin, manya irin su Ernst Mach da Wilhelm Ostwald ba su yarda ƙwayoyin suna nan ba, kuma Ludwig Boltzmann, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana kare su, ya rasu a 1906 gardamar ba ta mutu ba.

Daga 1908 Jean Perrin a Faransa ya zauna da haƙuri yana bin sawun ƙananan dunƙulen ƙaro a cikin ruwa, yana auna tafiyarsu. Awonsa ya zo daidai da lissafin Einstein. Ostwald ya sallama, Perrin kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1926.