Tattasai, Waya da Kasuwa a Bakin Komadugu

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma manoman bakin kogin Komadugu sun daɗe a cikin wannan duhu. Tun daga Diffa har Bosso da Yebi, jan tattasai ne dukiyarsu, amma kuɗinsa a kasuwannin Najeriya, irin su Damasak da Maiduguri, ake yanke shi. Kafin labari ya iso ƙauye, sau da yawa dillali ya riga ya saye buhu a yadda ya ga dama.

Ko da aka shimfiɗa hanyar kwalta zuwa N'Guigmi a shekarun 1970 da taimakon Kanada, labarin kasuwa bai wuce saurin mota ba. Sauyi ya zo ne a 2001, lokacin da kamfanin Celtel ya fara aikin wayar salula a Nijar, ta kuma yi ta bazuwa daga birane zuwa karkara. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa waya ta rage bambancin farashi tsakaninsu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, musamman inda nisa ya yi yawa, hanya kuma ba kyau. Dalili a fili yake: tafiyar da ke cin kwanaki da kuɗin mota ta koma kira na minti biyu, kaya suka nufi inda ake bukatarsu.

Sai dai shekarar 2015 ta koyar da wani darasi. Bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu, an kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur da cinikin tattasai da kifi. A 2016 hare-hare suka tayar da mutanen Bosso da Yebi. Waya na hannun manomi, farashi na kunnensa, amma babu gona, babu kasuwa. Sai a 2017 aka sake halatta cinikin tattasai.

Ashe ke nan waya ba ta noma. Abin da aka noma take ƙara wa daraja, muddin akwai hanya da zaman lafiya.