Makullin da Ya Kulle Masu Shago

A shekarar 1999 kamfanonin waƙa sun yi cinikin dala biliyan 14.6 a Amurka kaɗai, kuɗin da ba su taɓa ganin irinsa ba. A 2014 cinikin ya dawo wajen dala biliyan 7, wato ƙasa da rabi. Idan aka tambayi manyan kamfanonin abin da ya faru, amsar a bakinsu take: ɓarayi ne suka shigo ta intanet suka kwashe kaya. Akwai gaskiya a wannan amsa, amma guntuwa ce. Wanda ya bi labarin daki-daki zai tarar da cewa masu saye da yawa sun tsaya da kuɗinsu a hannu, masu kaya ne suka shafe shekaru suna jayayya kan irin ƙofar da za su buɗe musu da irin kwaɗon da za su saka mata.

Kamfanoni biyar ne ke riƙe da kasuwar a lokacin: Universal, Sony, Warner, EMI da BMG. Hajarsu ita ce faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982. Wannan faifai ya zo musu da garaɓasa. Mutane sun sake sayen waƙoƙin da suke da su a kaset da faifan garmaho, ga shi buga shi arha, sayar da shi tsada. A ƙarshen shekarun 1990 kuma suka rage fitar da faifai mai waƙa ɗaya a Amurka, don wanda ya ji waƙa a rediyo ta kwanta masa a rai ya sayi kundin gaba ɗaya, waƙa goma sha wani abu, a kan dala 15 ko fiye. Ka je sayen tumatir na miya ɗaya, a ce sai dai ka ɗauki kwando. A watan Mayun 2000 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta tilasta wa kamfanonin biyar su daina wata dabara da suke hana shaguna tallata faifai da rahusa, ta kuma ƙiyasta cewa dabarar ta ci wa masu saye ƙarin dala miliyan 480 cikin shekara uku.

Amma akwai rami a ƙarƙashin wannan daula, kuma su da kansu suka haƙa shi. Abin da ke kan faifan CD lambobi ne, kuma ba a kulle su ba. Duk wanda ya sayi faifai ya sayi kwafin da za a iya sake kwafa sau dubu ba tare da sautin ya ragu ba, saɓanin kaset da ke dushewa duk sanda aka tura daga wani zuwa wani. A 1982 wannan bai dami kowa ba. Faifai ɗaya yana ɗaukar megabayit 650 ko fiye, alhali kwamfutar IBM ta 1983 ma'ajiyarta megabayit 10 ce kacal. Nauyin fayil ɗin shi ne mai gadinsu.

Wannan mai gadi ne injiniyoyin cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka sallama. Sun yi nazarin yadda kunnen ɗan Adam yake ji. Idan ana kiɗan ganga a gabanka, ba za ka ji raɗar wanda ke gefenka ba, ko da yana yin ta. To, me zai sa a ajiye sautin da kunne ba zai kama ba? Sai suka ƙirƙiro hanyar zubar da shi. Minti ɗaya na waƙa da ke cin wajen megabayit 10 a faifai ya dawo wajen megabayit 1, kuma yawancin mutane ba sa jin bambanci. A 1995 aka raɗa wa irin wannan fayil suna MP3.

A watan Yunin 1999 wani ɗalibin jami'ar Northeastern da ke Boston, Shawn Fanning, ya saki manhajar Napster. Ga wanda ya san harkar rubuta manhaja, tsarinta ba shi da wani surƙulle. Babu waƙa ko ɗaya a kwamfutocin Napster. Abin da ke wurinsu jerin sunaye ne: wane yana da waƙa kaza, wane yana da kaza. Ka rubuta sunan waƙa, a nuna maka wanda ke da ita, kwamfutarka ta sauko da ita daga tasa. Dillali ne kawai. Cikin ƙasa da shekara biyu miliyoyin mutane suka shiga, har wasu jami'o'i suka toshe manhajar saboda ta cinye musu layin intanet.

Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta kai ƙara a watan Disamban 1999, kuma ta yi nasara. A Yulin 2001 aka rufe Napster. Hukuncin ba abin mamaki ba ne, domin satar fasaha ake yi ƙiri-ƙiri, kuma mawaƙa na da haƙƙin guminsu. Sai dai abin da ya sa aka iya rufe Napster shi ne abin da ya sa za a iya ciniki da ita: tana da ofis, tana da cibiya ɗaya da kowa ke bi, ta san yawan masu shiga da abin da suke nema. Bertelsmann, kamfanin Jamus da ya mallaki BMG, ya hango haka, ya ba Napster rancen kuɗi a Oktoban 2000 don a mayar da ita ta biya. Sauran huɗun ba su bi shi ba. Da aka rufe ta, jama'a suka watse zuwa Gnutella da Kazaa, daga baya BitTorrent, manhajojin da aka gina da gangan ba tare da cibiya ɗaya da kotu za ta ɗaura wa kwaɗo ba.

Me kamfanonin suka kawo a madadin? Sun rabu gida biyu. Universal da Sony suka buɗe Pressplay, Warner da EMI da BMG suka buɗe MusicNet, duk a ƙarshen 2001. Mai son waƙa sai ya fara binciken kamfanin da mawaƙinsa yake ciki kafin ya san shagon da zai shiga, abin da ba wanda ya taɓa damuwa da shi. Zai biya kuɗin wata, a ƙayyade masa yawan waƙar da zai saurara, in ya daina biya yawancin abin da ya sauke ya daina aiki. A gefe guda kuma ga Kazaa, komai akwai, kyauta, kuma fayil ɗin yana aiki a kowace na'ura. Wanda ya biya ya fi wanda ya sata shan wahala.

Duk wannan ya samo asali ne daga imaninsu da makulli. Tun 1998 suka haɗa kai da kamfanonin fasaha a wani shiri mai suna SDMI don samar da kariyar da ba za a iya karyawa ba. A Satumban 2000 suka ƙalubalanci duniya ta gwada. Ayarin Edward Felten na jami'ar Princeton ya cire tambarin cikin 'yan makonni, da ya tashi wallafa sakamakon sai aka aika masa da takardar barazana. Matsalar a gindin tunanin take. Idan na kulle saƙo don kada wani na uku ya karanta, wannan mai yiwuwa ne. Amma waƙar da aka kulle dole a ba mai saurare makullinta, in ba haka ba ba zai ji ta ba. Wanda ake tsoro shi ne wanda ake miƙa wa makullin. Mutum ɗaya tak ya buɗe, fayil ɗin ya zaga duniya. Balle ma kowace waƙa da suke kullewa a intanet, suna sayar da ita a buɗe a faifan CD a shagon bakin titi.

A wannan hali Steve Jobs ya same su. Apple ya fito da iPod a Oktoban 2001, yana buƙatar shago. Kamfanonin biyar suka amince, a wani ɓangare don masu kwamfutar Mac ƙalilan ne, in gwajin ya lalace asarar kaɗan ce. Ranar 28 ga Afrilun 2003 aka buɗe shagon iTunes da waƙa 200,000, kowace a kan senti 99, wajen senti 70 na masu waƙa. A makon farko aka sayar da miliyan ɗaya. A Oktoba aka buɗe wa masu Windows. Ashe mutane za su biya.

Sharaɗin kamfanonin shi ne a kulle kowace waƙa, Apple kuwa ya kulle da nasa makullin mai suna FairPlay, ya ƙi ba kowa lasisinsa. Waƙar da aka saya a iTunes ba ta aiki a na'urar aljihu in ba iPod ba, iPod kuma ba ya karɓar waƙar da aka kulle da makullin Microsoft wanda sauran shaguna ke amfani da shi. RealNetworks ya yi dabarar shiga a 2004, Apple ya toshe. Don haka duk shagon da ke son sayar wa masu iPod, waɗanda su ne kasuwar, dole ya sayar da MP3 a buɗe, kamfanonin waƙa kuwa sun haramta haka. Da hannunsu suka hana kowa yin gogayya da Apple. Da suka nemi a ƙara farashin sababbin waƙoƙi a 2005, Jobs ya kira su masu haɗama a bainar jama'a, farashi ya zauna a senti 99. A Afrilun 2008 iTunes ya wuce Walmart ya zama shagon waƙa mafi girma a Amurka.

A tsakanin nan sun yi abubuwa biyu da suka zubar musu da sauran mutunci. Daga Satumban 2003 RIAA ta koma kai masu saurare kotu, ta fara da mutum 261, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 12 a New York. Kafin a daina a ƙarshen 2008, waɗanda aka bi sun haura 30,000. Wata mata a jihar Minnesota aka yanke mata tarar dala 222,000 a 2007 a kan waƙa 24. Na biyun ya fi ba ni takaici a matsayina na mai rubuta manhaja. A ƙarshen Oktoban 2005 wani masanin tsarin Windows, Mark Russinovich, ya gano cewa wasu faifan Sony BMG suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar wanda ya saka su, wadda ke ɓoye duk fayil ɗin da sunansa ya fara da wasu haruffa na musamman. Masu ƙera ƙwayoyin cutar kwamfuta suka ce gaba ta kai su, suka riƙa raɗa wa nasu fayilolin irin wannan suna. Wanda ya sauke waƙar a Kazaa bai gamu da wannan manhaja ba, wanda ya ciro kuɗinsa ya sayi na halal shi aka illata. Sai da kamfanin ya janye miliyoyin faifai daga kasuwa.

Mafitar da suka samu daga hannun Apple ita ce su jefar da makullin. EMI ne ya fara a Afrilun 2007. A Satumba Amazon ya buɗe shagon MP3 marar kulle, zuwa Janairun 2008 duk manyan kamfanonin sun ba shi kayansu, don dai a samu wanda zai ja da Apple. A Janairun 2009 aka daidaita: iTunes ya cire makulli, su kuma aka ba su farashi uku, senti 69, senti 99 da dala 1.29.

Amma ko wannan bai cike giɓin ba, domin shagon intanet ya kwance kwandon. Mai saye yana ɗaukar waƙa biyun da yake so ya bar sauran, cinikin dala 15 ya koma na dala 2. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu tura waƙa a memori a kasuwanninmu ya san wannan hali: ba wanda ke cewa a tura masa kundi, waƙar da yake so yake ambata. Tower Records, shagon faifai da ya shahara tun shekarun 1960, ya rufe rassansa na Amurka a 2006. Cinikin sauke waƙa shi ma bai daɗe ba, ya kai ƙololuwa wajen 2012, a 2013 ya fara sauka.

Abin da ya maye gurbinsa daga Sweden ya fito, ƙasar da ta haifi shafin Pirate Bay. Daniel Ek da Martin Lorentzon sun buɗe Spotify a Oktoban 2008, ya isa Amurka a Yulin 2011. Cikin injiniyoyinsa na farko akwai Ludvig Strigeus, wanda ya rubuta manhajar uTorrent, kuma har 2014 Spotify yana amfani da kwamfutocin masu saurare wajen tura wa juna waƙa, dabarar da aka rufe Napster a kanta. Wannan karon kamfanonin waƙa sun karɓi hannun jari. Tsarin kuwa kuɗin wata ne, waƙoƙin a kulle suke, in ka daina biya abin da ka sauke ya tafi, kusan yadda Pressplay ya so yi. Bambancin shi ne komai yana shago ɗaya, kuma waƙa tana tashi da zarar ka taɓa.

EMI, wanda ya fara cire makulli, bai kai ga cin wannan riba ba. Bashi ya sha kansa, bankin Citigroup ya karɓe shi a Fabrairun 2011, a 2012 Universal ya saye sashen faifansa, har da ɗakin naɗar sauti na Abbey Road da kundayen Beatles. Sony ya riga ya haɗiye BMG tun 2008. Manyan kamfanoni biyar na 1999 suka dawo uku.