Daga Motar Kara zuwa Injin Ƙwallo: Yadda Tubalin Wasa Ya Koyi Aikin Gayya

Da zarar an girbe gero da dawa a Unguwar Lalle da ƙauyukan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, kara yakan faɗa hannun mutum uku: mai darni, mai girki, da yaro. Yaro zai nemi tsohuwar reza, ya ɓare ɓawon karan siri-siri, ya yayyanka totuwar, ya yi ta soka wannan cikin wancan har gangar mota ta tashi. Taya kuwa sakaina ce ko tsohon silifas. Ba ƙusa ba gam, abu ne kawai ya shiga cikin abu ya riƙe. A kan wannan dabara kamfanin wani kafinta a ƙasar Denmak ya yi suna, kuma daga tubalin kamfanin ne aka samu wani wasa da ke hana magidanta barci a yau: ƙera injunan da ba su da aiki sai miƙa wa juna ƙwallo.

Sunan kafintan Ole Kirk Christiansen, mutumin garin Billund. Da kasuwar duniya ta karye aikin gini ya tsaya, sai ya koma sassaƙa kayan wasan yara da katako a 1932. A 1934 ya raɗa wa kamfanin suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. A 1949 suka fara fitar da tubalin roba, bisa samfurin da wani Baturen Ingila, Hilary Page, ya riga su yi. Sai dai tubalin farko holoƙo ne ta ƙasa, ana ɗan taɓa gini sai ya zube. Ɗan kafintan, Godtfred, ne ya jagoranci gyaran: aka sa ’yan bututu a cikin tubalin, su matse ’yan kawunan da ke saman na ƙasa da shi. An kai wannan tsari rajista ranar 28 ga Janairu, 1958, kuma ba a sake ma’aunin ba. Tsakanin kai da kai milimita 8 ne, shi ya sa tubalin kaka yake kama na jika.

Gini dai gini ne, ba ya motsi. Motsin gaske ya zo a 1977 da kayan da ake kira Technic, masu giya da sandunan juya taya da tubala masu huda. A 1998 aka ƙara Mindstorms, ƙaramar kwamfuta a siffar tubali, wadda aka samar da haɗin gwiwar masana na jami’ar MIT ta Amurka. Daga nan manya suka tsoma hannu. Kafin haka ma, Amurkawa sun daɗe da son injin da ke wahalar da kansa a kan ƙaramin aiki, irin waɗanda mai zanen barkwanci Rube Goldberg ya shahara da zanawa a jaridu.

Matsalar ita ce kowa nasa yake ƙerawa a ɗakinsa, ran baje koli kowa ya kama teburinsa. A 2005 Steve Hassenplug da abokan wasansa suka fito da ’yar gajeruwar ƙa’ida, aka gwada ta a taron masu wasan LEGO mai suna BrickFest na shekarar, a jihar Bajiniya. Suka kira abin Great Ball Contraption, GBC a taƙaice, wato babban injin ƙwallo. Ƙa’idar ba ta gaya wa kowa abin da zai ƙera ba. Ta dai ce kowane inji ya kasance da kwandon karɓa mai faɗin kawuna 10 ta kowane gefe da tsayin tubali 10, ya iya wuce da ƙwallo ɗaya a kowace daƙiƙa, kada kuma ya zuba wa na gaba fiye da 30 a lokaci guda. Ƙwallayen kuwa ’yan ƙanana ne na wasan ƙafa da na kwando da kamfanin ya yi, kimanin milimita 14, ba su fi ɗan magarya ba.

Wanda ya taɓa ganin ana miƙa wa magini tubali hannu da hannu har saman katanga ya riga ya fahimci tsarin. A jera injuna da’ira. Wannan ya ɗebo ƙwallo da hannu mai sunkuyawa ya ɗaga kamar jigo a lambu. Na kusa da shi ya haurar da ita ta murɗaɗɗiyar sanda, dabarar da ake dangantawa da Arkimidis. Wani ya tura ta matakala-matakala, wani ya loda ta a jirgin ƙasa, wani ya harba ta sama ta faɗa kwando. Idan ɗaya ya cije, na baya ba ya jira, sai ƙwallaye su tumbatsa su watse ƙasa, mai injin ya bi su a guje yana tsinta. A 2012 wani matashi ɗan Japan da aka sani da Akiyuki ya nuna injuna 17 da ya jona, ƙwallo 500 na bin hanyar mita 31, bidiyon ya zaga duniya.

Yaron Unguwar Lalle ba basira ya rasa ba. Kara ne ba ya zuwa kauri ɗaya, ga gara ga damina, don haka motar kowa a hannunsa take ƙarewa. Tubalin roba yana da tsada, amma ma’auni kyauta ne. Da malamin firamare a Unguwar Lalle zai ce wa ’yan aji kowa ya ƙero indararon kara, ya karɓi ɗan magarya a wuri kaza ya sauke shi ƙasa da yatsa huɗu, ran Alhamis a jona su duka, da magarya ɗaya ta ratsa aikin yara talatin kafin ta taɓa ƙasa.