Tarihin Marina da Haƙƙin Baitulmali

Tun kafin inji ya shigo ƙasar Kano, babbar ma'aikatarta ita ce marina. An ce an kafa ta Ƙofar Mata a 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sa'ad da Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne arzikin ƙasa, ana kai tufafinta har Tambutu da Tarabulus.

Ga yadda ake gina karofi. Akan haƙa rami mai zurfi, a shafe cikinsa da laso don kada ruwan baba ya tsiyaye. Shi kuwa lason, da katsi ake haɗa shi, watau dagwalon da ke kwantawa a gindin ramin, wanda akan kwashe, a busar, a ƙone. Ashe marina muddin tana aiki, ita ke haifar abin gyaran kanta.

A 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin da aka haɗa a inji. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, yadin kanti ya yawaita. Sannu a hankali karofi da yawa suka mutu, suka zama juji.

To, yau wasu na cewa a fitar da kuɗin hukuma a raya irin waɗannan wurare. Kafin mu amsa, mu tuna da talakawan Birnin Kudu da Gwaram. Suna ƙarƙashin En'e ta Kano, harajinsu da jangalinsu Baitulmalin Kano suke shiga. Da wannan Baitulmali aka yi aikin ruwa da lantarki na Challawa, wanda aka buɗe a 1931 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Aiki ne mai albarka, amma manomin Gwaram ya biya, bai sha ruwan ba. En'e ta ƙare a 1976, an yanke Jigawa a 1991, amma haƙƙin mai biyan haraji yana nan.

Mu da ke rubuta rabon gado a kotu mun sani, gidan da magada suka kulle don tunawa da uba, damina uku ta ishe shi. Wanda aka shiga kuwa, kowace shekara sai an yaɓe shi. Dubi Gidan Makama: Turawa sun mai da shi ofis bayan 1903, daga baya ya zama gidan tarihi, ga shi tsaye. Marinar Ƙofar Mata ma marina ne suka tsare ta, da yake ba su daina rini ba.

Saboda haka duk tsohuwar ma'aikata da ke ƙasarmu, ko karofi ko sito na gyaɗa, a fara nema mata mai aiki tukuna, kana a taɓa kuɗin jama'a. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.